Rashin haihuwa: ba kullum daga mace yake ba

Ɗan'uwa mai karatu, in aure ya daɗe babu haihuwa, wa ake tuhuma? Mace. Ana ce mata juya. Wani ya yi mata kishiya, wani ya sake ta. Amma masana lafiya sun gano cewa a kusan rabin gidajen da ba a samu haihuwa ba, matsalar ta shafi namiji.

Ka riƙe wannan: ƙarfin namiji a shimfiɗa daban, haihuwa daban. Cikin maniyyi akwai ƴan ƙananan ƙwayoyi da ido bai gani. Su ne iri. In sun yi kaɗan, ko ba su motsi sosai, ciki bai shiga, ko da namiji na da ƙarfi. Kai manomi ka sani: in iri ya lalace, gona mai kyau ma ba ta ba da hatsi.

Mi ke lalata iri?
1. Ciwon sanyi da ba a yi ma magani ba. Yana toshe hanyar da iri ke bi.
2. Hangum, in ya kama namiji bayan ya balaga har maraina suka kumbura.
3. Kumburin jijiyoyin jini na maraina.
4. Maraina da ba su sauko ba tun yaro na jinjiri.
5. Taba, giya, tramol, da fesa maganin ƙwari babu kariya.

In kun yi shekara 1 kuna tare ciki bai shiga ba, ku tafi gidan likita ku biyu. Awon namiji bai da wuya, babu allura. Za a ce ka ƙaurace ma iyalinka kwana 2 zuwa 7, sannan ka ba da maniyyi cikin ɗan kwano mai tsabta. Za a duba yawan ƙwayoyin da motsinsu da madubin likita. In awon bai yi kyau ba, sai a sake shi. Lokotoro bai tona asirinka.

Akwai magani? Sau da yawa akwai. Ciwon sanyi ana maganinsa, amma miji da mata tare. Kumburin jijiyoyi ana yi mai aiki. Sai dai ka yi haƙuri, don sabon iri na ɗaukar kusan wata 3 kafin ya nuna. Kada ka zubar da kuɗɗinka wajen masu tallar maganin ƙarfin maza: bai gyara iri.

Haihuwa ta Allah ce, amma neman magani naka ne. Kafin ka ɗora ma matarka laifi, je a auna ka.

Tambayoyi
1. Bayan wane lokaci ya kamata a tafi likita?
2. Faɗi abu ukku da ke lalata iri.