Uwargida da Karatun Aikin Jarida

Darasinmu na wannan fitowa ya shafi wani fannin karatu da mata da yawa ke gudu, wato koyon aikin jarida da iya magana a gaban jama'a. Da an ambace shi sai uwargida ta ce, "Ni matar aure ina ni ina rediyo?" To, ki ɗan ba ni aron hankalinki.

Ki tuna da daren nan na watan Agustan 2014, bayan da cutar Ebola ta shigo Legas. Waya ta yi ta ƙara cikin dare, kowa na kiran ɗan'uwansa wai a yi wanka da ruwan gishiri, a kuma sha. Mata suka tashe 'ya'yansu daga barci suka hura wuta. Gari ya waye an kwantar da mutane a asibiti, wasu ma suka rasa rayukansu, musamman masu hawan jini. Babu likitan da ya ba da wannan shawara. Abin da aka rasa a daren nan shi ne mai tsayawa ta yi tambaya ɗaya: wa ya faɗa? Wannan tambaya ita ce harafin farko na aikin jarida, kuma tun kafin makarantun boko aya ta 6 a Suratul Hujurati ta umarce mu da bin diddigin labari kafin mu yi aiki da shi.

Me ya sa sai mace?

Ke da ke zaune a Fakuwa, ko wani gari a ƙasar Kankiya da Kusada, kin san akwai ƙofar da namiji ba ya wucewa. Ɗan jarida iyakarsa zaure, ya ji ta bakin maigida ya juya. Amma labarin mai naƙudar da ta kwana biyu a gida don babu mota, da na yarinyar da aka cire daga makaranta saboda talla, da na mai ƙuli-ƙulin da jarinta ya karye, duk a cikin gida suke. In babu mace mai alƙalami, waɗannan labarai a tsakar gida za su mutu, hukuma ba ta ji ba balle ta gyara.

Kuma ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta tsara jajis da 'yan taru, mata masu ɗaukar karatu a ka su kai wa 'yan'uwansu na ƙauyuka. A zamaninmu ga marigayiya Hajiya Bilkisu Yusuf, wadda ta yi editar jaridar Sunday Triumph a Kano da ta New Nigerian a Kaduna cikin shekarun 1980, tana kuma cikin matan da suka kafa FOMWAN a 1985. Ta rasu a turmutsitsin Mina a aikin hajjin 2015. Allah Ya jiƙanta.

Me ake koyarwa?

Na farko, rubuta labari. Ana koya wa ɗaliba kada ta ajiye biro sai ta amsa tambayoyi shida: wa, me, ina, yaushe, yaya, kuma don me. Sannan ta sa abu mafi muhimmanci a layin farko. Mu kuwa in za mu ba da labarin haihuwa sai mun faro daga ranar ɗaurin aure!

Na biyu, tantancewa. Ba a dogara da bakin mutum ɗaya, kuma wanda aka zarga dole a ji ta bakinsa. Akwai darasin doka da ladubban aiki, inda ake nuna miki cewa ɓata sunan mutum na iya kai ki gaban alƙali.

Na uku, hira da mutane: yadda za ki yi tambaya gajera, ki yi shiru ki saurara, ba tare da kin sa wa mutum magana a baki ba.

Na huɗu, magana a gaban jama'a da gabatar da shiri a rediyo: sarrafa numfashi, daidaita murya, da kiyaye lokaci. Kada ki ce ke mai kunya ce. Kunya ado ce, ba ta hana iya magana. Abin da ke sa murya rawa galibi rashin shiri ne.

Ina ake karatun?

Kankiya na kan hanyar Katsina zuwa Kano, kin ga ke nan gabas da yamma duk akwai makaranta. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina na ba da difiloma ta shekara 2 a fannin. Jami'ar Bayero a Kano da ta Ahmadu Bello a Zariya na ba da digiri na shekara 4. Wadda barin gida zai yi mata wuya, ga Jami'ar Karatu Daga Gida, NOUN, mai cibiya a Katsina. Ana neman kiredit 5 a WAEC ko NECO, ciki har da Turanci, sai kuma JAMB ga mai son jami'a ko kwaleji. In takardarki ba ta cika ba, ana sake jarrabawa ko da goyo a baya.

Batun maigida fa?

Kada ki ɓoye masa komai, kada kuma ki tare shi da maganar yana shigowa da gajiya. Ki je masa da lissafi: nawa ne kuɗin makaranta, wa zai riƙe yara, ina za ki sauka. Ki kuma faɗa masa gaskiya cewa aikin na da wahalarsa, akwai fita da wuri, kuma albashin wasu gidajen bai taka kara ya karya ba. Amma ba kowace 'yar jarida ke fitowa a talabijin ba. Akwai masu fassara, da masu tace labari, da masu shirya shirin mata da yara, da jami'an wayar da kai a asibitoci da ƙungiyoyi. Wasu ayyukan ma daga ɗaki ake yinsu da waya ko kwamfuta.

Aikin gida

Kafin fitowa ta gaba, ki gwada abu uku. Duk saƙon muryar da ya shigo miki ta WhatsApp, kada ki tura sai kin san wa ya faɗa, yaushe, kuma a ina. Sannan ki ɗauki wani abu da ya faru a unguwarku ki rubuta shi cikin layi 5, ki amsa tambayoyin nan shida. Daga ƙarshe ki nemi minti 3 a Islamiyyarku ki yi wa 'yan'uwa bayani kan abu guda kacal, kamar zuwa awon ciki. Ki san jimlarki ta farko da ta ƙarshe tun daga gida, ki fara gwadawa a gaban 'ya'yanki, don su ba sa ɓoye hamma.

In kin ga abin ya kwanta miki, to ki fara neman takardunki na sakandare a ƙasan akwati. In kuwa ke lokaci ya ƙure miki, kada ki hana 'yarki in ta nuna sha'awa. Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya tsare harsunanmu daga yaɗa abin da ba mu tabbatar ba, amin.