Yadda Ake Haɗa Faifan Waje da Sabar Ya Daina Yankewa

Sau tari idan faifan ajiya na waje ya ɓace daga sabar, lafiyarsa ƙalau. Laifin na waya ne, ko na wuta, ko na ɗan allon da ke cikin akwatinsa mai juya SATA zuwa USB.

Fara da zaɓen hanyar haɗi. Faifan da zai yi aiki dare da rana, musamman a jerin RAID ko ZFS, katin HBA ya dace da shi (na LSI ana samun tsofaffinsu da araha), sai wayar SAS mai kan SFF-8088 ko SFF-8644 zuwa akwatin faifai. Kan wayar yana da maƙalli, mai shara ba zai zare ta da tsintsiya ba. eSATA ma ba laifi, muddin wayar ba ta wuce mita 2 ba. USB kuwa, ni dai ban yarda da shi ba sai wajen ajiye kwafi. Yankewar daƙiƙa ɗaya ta isa RAID ya fitar da faifan daga jeri, a kwashe sa'o'i ana sake cika shi, sauran faifan na shan wahala.

Sai wuta, kuma a nan aka fi yin sakaci. Ramin USB 3.0 milliamp 900 kawai yake bayarwa a kan volt 5, alhali babban faifai mai inci 3.5 yana neman volt 12 kafin ya fara juyawa. Kowane akwati da adaftarsa. Ka jona sabar da akwatin a UPS ɗaya, domin in an ɗauke wuta, sabar na tsakar rubutu akwatin ya mutu, fayil ɗin ya tafi ke nan kafin a tada janareta.

Idan USB ya zama dole, soka wayar kai tsaye a bayan sabar, ban da hub. A Linux ka hana ramin barci da usbcore.autosuspend=-1.

Kada ka dogara da suna irin /dev/sdb, yana iya canzawa duk lokacin da aka kunna na'ura. Sa UUID a /etc/fstab. Ka duba /dev/disk/by-id ma, don wasu akwatuna masu araha lamba ɗaya suke nuna wa duk faifan da ke cikinsu.

Kafin ka ɗora masa bayanan gaske, cika faifan da manyan fayiloli ya kwana yana aiki. Da safe ka buga dmesg ka nemi layukan da ke nuna an sake tada na'urar USB. Sannan ka buga smartctl -a, ka ƙara -d sat in ta USB ne, ka dubi lamba 199, mai ƙirga kurakuran haɗi. In tana hauhawa, canza wayar ka sake gwaji tun kafin ka kashe kuɗi a kan sabon faifai.