Hawan Jini Da Abin Da Ke Cikin Tukunyarmu

Hawan jini, wanda muke kira tansiyo, ciwo ne da ba ya sallama. Mutum yana noma, yana cin kasuwa, bai san yana da shi ba, sai ran da ɓarin jikinsa ya shanye. Idan awon likita ya kai 14 bisa 9 ko ya wuce, kuma aka sake awo wata rana aka sami haka, to jini ya hau.

Mu duba cimarmu a nan Sae Sabuwa da ƙauyukan Agye da Gazawa. Da safe kunu, da rana fura, da dare tuwo. Duka gero ne ko dawa. Hatsi shi ne ƙarfin manomi, ba mu ce a bar shi ba. Amma fa ga sukari a fura, ga sukari a shayi, ga shinkafa da taliya sun shigo. Gujiya da riɗi kuwa, da mun girbe sai kasuwa.

A shekarar 2005 likitoci a Amurka sun bayyana wani gwaji da suka yi da mutum 164. An ba su abinci iri uku, kowane iri mako 6, duka da ganye da ƴaƴan itace. Jininsu ya sauka da kowane iri. Amma da aka rage abinci mai sitaci da sukari kaɗan, aka cike gurbin da man tsiro marar daskarewa, sai jinin ya ƙara sauka. Ƙarin ba shi da yawa, amma ya fi bayyana ga masu hawan jini.

Wane mai ke nan? Mu tuna da lokacin ɗari. Kitse da man shanu da manja suna daskarewa. Man gujiya da man riɗi suna nan ruwa-ruwa. Waɗannan biyun su ne suka fi dacewa da jijiyoyin jini, kuma a gonakinmu suke.

A lura da kyau: musanya aka yi, ba ƙari ba. Wanda ya cinye malmalarsa uku, ya kuma malala mai a kai, ƙiba zai samu, ita kuwa ƙiba tana tayar da jini. A rage tuwo kaɗan, a yawaita miyar ganye da gujiya. A ci wake, a yi kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli. Idan kaka ta yi, mai gida ya ware wa uwargida tiyoyin gujiya da riɗi kafin ya kai saura kasuwa.

Sai gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 a yini, wato kusan ƙaramin cokali guda, har da wanda ke cikin dunƙulen miya. Wanda likita ya ɗora bisa magani, kada ya daina sha don ya gyara cimarsa. Ya koma asibiti a sake auna shi.