Neman Ƙwararre Mai Lasisi Kan Lafiyar Ƙwaƙwalwa Ta Intanet

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya yana fama da wata larurar ƙwaƙwalwa, galibi ciwon damuwa ko fargaba. A Nijeriya kuwa, likitocin ƙwaƙwalwa ba su kai 300 ba, alhali jama'a sun haura miliyan 200. Wannan ƙaranci ne ya sa ganin ƙwararre ta wayar hannu ya samu karɓuwa, musamman tun daga annobar korona ta 2020. Ɗalibin da ke zaune a Ƙofar Marusa cikin birnin Katsina yana iya tattaunawa da ƙwararren da ke Kaduna ko Legas ba tare da ya je tasha ba. Sai dai waya fuska da murya kawai take nunawa, ba ta nuna ilimi.

Da farko ya kamata mu rarrabe ma'aikatan. Likitan ƙwaƙwalwa cikakken likita ne, wanda ya yi shekara shida a jami'a, sa'an nan ya ƙara wasu shekaru na ƙwarewa a asibiti. Shi ne ke gano ciwo ya rubuta magani. Dole ya kasance da rajista a Hukumar Kula da Likitoci da Likitocin Haƙori ta Nijeriya, wato MDCN, wadda ke ba kowane likita lambarsa, kuma duk shekara ake sabunta lasisin aiki. Masanin halayyar ɗan'adam na asibiti kuwa ba ya rubuta magani. Aikinsa jinya ta hanyar tattaunawa, irin dabarar da Aaron Beck ya ɓullo da ita a Amurka cikin shekarun 1960, inda ake koya wa mutum gane munanan tunane-tunanensa da yadda zai sauya su. Bincike ya nuna wannan dabara tana amfani ta intanet ga ciwon damuwa da fargaba waɗanda ba su yi tsanani ba.

To, yaya za a tantance? A tambayi cikakken suna, da lambar rajista, da jami'ar da ya yi, da asibitin da yake aiki, sa'an nan a bincika a wurin hukumar ko asibitin. Ƙwararre na gaskiya ba ya jin haushin wannan tambaya. Wanda ya yi alkawarin warkewa cikin mako guda, ko ya ce a tura kuɗi ya aiko da ƙwayoyi tun bai ji tarihin ciwon ba, a guje shi, ko da kuwa mabiyansa a Facebook sun kai dubbai. A ganina hanya mafi aminci ita ce a fara da zuwa asibiti, kamar Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ko asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna da Kware a Sakkwato, a ga likita ido da ido, daga baya a nemi ci gaba ta waya idan ya amince.

Maganar lasisi ba ƙaramar magana ba ce a jiharmu. A watan Oktoba na 2019 'yan sanda sun rufe wasu gidajen mari a Daura da birnin Katsina, inda aka tarar da mutane ɗaure da sarƙa da sunan gyaran hali. Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu aka bayyana a Janairun 2023, ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma tabbatar wa majinyaci haƙƙin mutunci da rufin asiri. Mai lasisi yana da hukumar da za a kai shi ƙara idan ya saɓa. Maras lasisi kuwa, da ya kashe wayarsa shi ke nan.

Akwai inda waya ba ta wadatarwa. Idan ɗalibi yana maganar kashe kansa, ko yana jin muryoyin da babu su, ko ya rikice bayan zazzaɓi mai zafi, asibiti za a kai shi nan take, domin wani lokaci ciwon jiki ne ke taɓa ƙwaƙwalwa, kuma sai an auna ake ganewa. Malamin da ya lura da irin haka ya sanar da iyaye a asirce, kada ya yi maganar a gaban aji. Ɗalibin da bai kai shekara 18 ba kuma, da sanin iyayensa ko waliyyinsa ake haɗa shi da kowane ƙwararre.