Darasi: Sa'ad da Garma Ta Yi wa Maigida Nauyi

'Yan'uwa manoma, akwai ranar da kowannenmu zai ɗaga garma ya ji ta ƙara nauyi. Ba garmar ce ta sake ba, jiki ne. Daga wajen shekara 40 ido yakan fara kasa karanta ƙananan rubutu. Tsakanin shekara 45 da 55 jinin al'ada yakan ɗauke wa mata, wani lokaci da zafin jiki da rashin barci. Wannan ba sammu ba ne. Hawan jini kuwa ba ya sallama. Wanda awonsa yake kai 140 bisa 90, sai ya ga ma'aikacin lafiya.

Amma abin da ya fi damun dattijo ba ciwon jiki ba ne. Shekara da shekaru shi ne mai gandu. Shi ke cewa a yi shuka, shi ke buɗe rumbu. In ya saki wannan, shi wane ne kuma a gidan? Saboda tsoron nan waɗansu sukan riƙe gona kam. 'Ya'ya har da gemunsu suna aiki kamar 'yan ƙwadago, ba su da ta cewa. Sai su gaji, su tafi cin rani, su ƙi dawowa. Ran da tsoho ya rasu, ba wanda ya san iyakar gona, sai rigima.

Gara a saki da sannu, tun da sauran ƙarfi. Bana ka ƙara wa ɗanka gayauna. Baɗi ka bar masa gona guda ya bi da ita yadda ya ga dama, in ya yi kuskure ka haɗiye maganarka. Wannan shi ne mai wuyar! Ku zaga iyakoki tare da shaidu, a rubuta. Kai kuma ka riƙe 'yar gona kusa da gida, da awaki ko amya, don kada ka roƙi kuɗin goro a hannun yaro.

Ƙungiya ma tana da nata aiki. Zaɓen iri, duba rumbun ajiya, da sulhu tsakanin maƙwabta ba su bukatar ƙarfin damtse.

Tambayoyi don tattaunawa:
1. Wane aiki ƙungiyarmu ta ba dattawanta, maza da mata?
2. Gwauruwar da ta tsufa, wa ke nome mata gona?