Amsoshin Tambayoyinku: Ina Da Takardar CAC, Amma Wani Na Sayar Da Zuma Da Irin Tambarina

TAMBAYA: Malam, a Jalingo nake zaune, sana'ata ɗura zuma a roba. Daga Gembu da Nguroje ake sauko mini da ita, in tace, in ɗura, in manna takardata. Shekara huɗu ke nan, har shaguna na karɓa. Na yi wa sana'ar rajista da CAC, takardar tana hannuna. Kwanan baya wata mai sayen kayana ta kira ni tana faɗa, wai zumata ta koma ruwan sukari. Da ta kawo robar sai na ga ba tawa ba ce. Murfi rawaya irin nawa, hoton ƙudan zuma irin nawa, an rubuta "Zumar Mambilla" yadda nake rubutawa, lambar waya kaɗai ta bambanta. Shin takardar CAC ba ta isa in hana shi ba? In ba ta isa ba, ina zan dosa? Daga wata mai karatu, Jalingo.

AMSA: Hajiya, Allah ya ƙara wa sana'a albarka. Kiran nan da aka yi miki shi ya fi tsaya mini a rai. Shekara huɗu kina tara yardar mutane cokali-cokali, wani ya zo da narkakken sukari yana ɓarar miki da ita. Ki gode wa matar da ta kira, domin da yawa ba za su kira ba, daina saye kawai za su yi.

Takardar CAC ba ta isa ba, gara in faɗa miki tun da wuri. Aikin CAC shi ne ta shaida cewa akwai sana'a mai suna kaza, ga mai ita, ga inda take. Da takardarta kike buɗe asusun banki da sunan sana'a, da ita kike neman rance ko kwangila. Amma suna da hoto da launin da ke jikin roba, waɗanda mai saye ke gani ya ce "wannan ta Hajiya ce", su ake kira alamar kasuwanci, kuma rajistarsu a wani ofishi daban take. Ofishin yana Abuja, ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari ta Tarayya, yana aiki da dokar alamomin kasuwanci ta 1965. Littafi biyu ne, shiga ɗaya ba ya sa ki cikin ɗayan. Ki duba shayin da ake nomawa a Kakara, can saman dutsen da zumarki ke fitowa: sunan kamfanin Mambilla Beverages, amma abin da ke jikin kwali, wanda mai shayi ke tambaya a shago, Highland ne. Sunan gida daban, sunan kaya daban.

Yanzu ga wadda ta fi ɗaci. "Zumar Mambilla" kalma biyu ce, kuma babu taki a ciki. Zuma sunan abin ne, Mambilla sunan wuri ne. Doka ba ta barin mutum ɗaya ya killace kalmar da ke faɗin abin da kaya yake, ko inda ya fito, domin duk wanda ya ɗora amya a kan dutsen nan yana da haƙƙin faɗin gaskiyar inda zumarsa ta fito. Ni ina ganin adalci ne, ko da yake yau ke ya taɓa. Abin da ake iya mallaka shi ne sunan da ya keɓanta: kalmar da kika ƙirƙira, ko wadda ba ta da dangantaka da zuma ko kaɗan. Omo ba ya nufin wanki, Maggi ba ya nufin miya, amma ga shi sun kama baki har muna kiran kowane garin sabulu omo, kowane ɗunƙule magi. Ki nemi suna gajere, mai daɗin faɗi a bakin Bahaushe da Bafulatani da Mumuye da Jukun, tunda duk suna cin kasuwar Jalingo. Shi za ki rubuta da manyan baƙaƙe, a ƙasansa ki sa "daga Mambilla" da ƙanana. Na san sauya suna bayan shekara huɗu akwai nauyi, shi ya sa nake ba ki shawarar ki bar hoton da launin yadda mutane suka saba, ki ɗora sabon sunan a sama.

Wajen zaɓen suna ki yi aiki da kunne, ba ido kaɗai ba. A 1968 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci tsakanin masu maganin Castoria da wasu da suka nemi rajistar Casorina. A rubuce ana iya bambanta su, amma kotu ta ce a baki sun yi kusa har za su rikita mai saye, aka hana na biyun. Hukuncin ya dace da irin kasuwarmu, inda yaro ake aika, a ce masa "sayo mai hoton ƙudan zuma", kuma ba kowa ke karanta boko ba.

Sai batun murfi rawaya da hoto. A nan ma akwai darasi daga kotu. Kamfanin Ferodo mai yin birkin mota ya kai ƙarar kamfanin Ibeto, yana cewa kwalin birkinsu na Union ya kwaikwayi launukan nasa, ja da baƙi da fari. A 2004 Kotun Ƙoli ta ce kalmar Ferodo ita ce alamar da ke da kariya, launukan kwalliya ce kawai, Ferodo ya faɗi. Don haka kada ki shigar da suna tsirara ki ɗauka hoton ya bi shi. Ki shigar da takardar mannawar gaba ɗaya, yadda take a jikin roba, in da hali kuma ki shigar da sunan shi kaɗai a wata buƙata daban. An yi sa'a, gyaran da aka yi wa dokar a 2023 ya faɗaɗa ma'anar alama ta haɗa da siffar kaya, da mazubinsa, da haɗin launuka, ya kuma shigar da masu sayar da hidima irin su gidan abinci da wurin kwalliya a fili.

Hanyar kanta ba ta da wuyar ganewa, haƙuri take ci. Ana farawa da bincike a littafin ofishin, a ga ko wani ya riga ki da suna iri ɗaya ko mai kama. Kada ki yarda a tsallake wannan don rage kuɗi. Sannan a zaɓi aji. An kasa kaya da hidimomi aji 45, kuma kariyarki tana tsayawa a ajin da kika biya wa. Zuma tana aji na 30, tare da shayi da shinkafa da yaji. In gobe kika ƙara man shanu ko kilishi, aji na 29 ne. Zoɓo na kwalba, na 32. Sabulu da man shafawa na zuma, na 3. Tufafi da huluna kuma suna na 25. Kowane aji da kuɗinsa, saboda haka ki fara da na 30, sauran su biyo baya in sana'a ta kai can.

Bayan an shigar, takarda uku ke fitowa, kuma a nan mutane ke ruɗewa. Ta farko shaida ce kawai cewa an karɓi buƙatarki. Ta biyu ita ke cewa an duba, an amince a ci gaba. Daga nan sai a buga alamar a mujallar ofishin, a ba duniya wata biyu, duk mai ja ya fito. In babu, sai a ba da takardar mallaka, ita ce ta uku. Mujallar ba kullum take fitowa ba, shi ya sa abin kan haura shekara. Kada wannan ya karya miki gwiwa, domin in ta fito, lissafi daga ranar da kika shigar yake farawa. Rajistar farko shekara 7 ce, bayan nan ana sabuntawa duk shekara 14. Wanda ya ajiye alama shekara 5 a jere bai yi aiki da ita ba, ana iya neman a soke masa. Alamar ® kuma sai mai takarda ta uku. Sa ta kafin nan laifi ne, amma kina iya sa ™ tun yau.

Yawancin mutane ta hannun lauya ko wakilin da ofishin ya amince da shi suke bi, ba sai kin hau motar Abuja ba. Abu biyu nake roƙon ki. Ki ga da idonki cewa sunanki ko na kamfaninki ne a gurbin mai alama, ba na wakili ba, ba na ɗan'uwan da ya taimaka da kuɗi ba. Kuma ki nemi rasidin biyan gwamnati daban da ladan aikinsa. Na taɓa ganin wata baiwar Allah mai sayar da turaren wuta ta zaro takarda daga jaka, an yi mata leda, tana ta murna ta yi rajista shekara uku da suka wuce. Da na karanta sai na ga ta farkon ce. Babu wanda ya bi mata sauran. Ranar na rasa ta inda zan fara yi mata bayani.

To, mutumin da ke kwaikwayonki yau fa? Rashin rajista bai bar ki hannu rabbana ba. Ba za ki iya ƙarar keta alama ba, amma doka ta hana mutum ya sayar da kayansa da sunan cewa na wani ne. Tun 1961 aka yi irin wannan a Onitsha, inda kantin magani mai suna Niger Chemists ya kai ƙarar wasu da suka buɗe Nigeria Chemists a kan titi ɗaya, kotu ta hana su. Sai dai wannan hanya nauyin hujja a kanki yake: ki nuna mutane sun san kayanki da wannan kama, kuma an rikita su. Saboda haka ki adana robar da aka kawo miki. Ki aika a sayo wata a shago, a karɓi rasidi, a ɗauki hoto. Ki tattara tsoffin rasidan maɗaba'a, da hotunan tallan da kika sa a WhatsApp da Facebook masu kwanan wata. Su ne kuma za su tsaya miki in ya riga ki zuwa Abuja da alamarki, domin doka na kare wanda ya riga fara aiki da alama, muddin ya iya tabbatarwa.

Ban ba ki shawarar fara da kotu ba. Ki fara da shagunan da ke karɓar kayanki, ki nuna musu roba biyun gefe da gefe. Ki kai wa shugabannin kasuwa. In mai kwaikwayon ya ƙi ji, wasiƙar lauya takan isa. Zumar da aka gauraya da sukari kuma ba taki kaɗai ba ce, cutar jama'a ce, NAFDAC ke da hurumi a kanta. Ke ma ki nemi lambarta in ba ki da ita, za ki tarar suna tambayar shaidar rajistar alama a cikin takardunsu. In takardar mallaka ta shigo hannu, ƙarar keta alama a Babbar Kotun Tarayya ake yinta, kuma tana zama a nan Jalingo.

Ki kuma tambayi kanki yadda aka yi hotonki ya fita daidai haka. Sau da yawa daga kwamfutar mai buga sitika yake tsallakawa. Wanda ya zana miki tambari, a doka shi ke da haƙƙin zanensa har sai ya sallama miki a rubuce. Ki koma wurinsa da takarda mai layi uku, ya sa hannu cewa zanen naki ne kuma ba zai buga wa kowa ba.

Tunda Taraba na iyaka da Kamaru, ki sani rajistar Najeriya a bakin iyaka take tsayawa. Kamaru da Nijar da Chadi suna cikin ƙungiyar OAPI mai ƙasashe 17, hedikwatarta a Yawunde, rajista ɗaya a can ta game su duka. A ƙarƙashinta ne a 2013 farar zumar Oku, daga tsaunukan arewa maso yammacin Kamaru, maƙwabtan Mambilla, ta samu shaidar asali, ta yadda babu mai kiran zumarsa da sunan Oku sai wanda ya samo ta can kuma ya bi ƙa'idar masu ita. Irin wannan ce hanyar kare sunan Mambilla, kuma ba aikin mutum ɗaya ba ne. Dokarmu ta 1965 ta tanadi alamar shaida, wadda ƙungiya ke nema ta riƙa ba duk wanda kayansa ya cika sharaɗi. In kin hau Nguroje sarin zuma, ki zauna da masu amya ki kawo musu zancen.