Waya ce ke jawo damuwa, ko damuwa ce ke kai yaro ga waya?

Cikin kundayen binciken da nake dubawa na ɗaliban ajin ƙarshe a fannin ilimin halayyar ɗan Adam, ba a rasa wanda zai raba wa 'yan sakandare takardun tambayoyi, ya tarar masu daɗewa kan waya sun fi kukan ƙunci, sai ya rubuta a babin ƙarshe cewa waya ce ta jawo. Wannan jimlar ba ta tsallake jan birona.

Abin da ɗalibin ya gano alaƙa ce: abu biyu suna tafiya tare. Takardar tambayoyi ba ta faɗin wanne ya haifi wanne. Mai yiwuwa yarinyar da babu mai sauraronta a gida ce ta fake da waya, ka ga damuwar ce ta riga zuwa. Mai yiwuwa kuma akwai abu na uku a ɓoye, kamar rigimar iyaye ko rashin barci, da ke ingiza duka biyun.

Ita kanta alaƙar sai an auna ƙarfinta. A 2019 Amy Orben da Andrew Przybylski na Jami'ar Oxford sun tace bayanan matasa sama da 350,000 na Amurka da Birtaniya. Alaƙar na nan, amma amfani da na'urori bai bayyana ko rabin kashi ɗaya cikin ɗari na bambancin walwalarsu ba.

Mai neman sanin dalili, sai gwaji. Ka raba mutane gida biyu ta hanyar ƙuri'a, ba da son ranka ba, ka sauya abu guda tak a ɓangare ɗaya, sannan ka auna sakamako. Haka wasu masana a Amurka suka yi a 2018: sun biya wasu mutane suka rufe shafinsu na Facebook mako huɗu, sauran suka ci gaba da hawa. Walwalar waɗanda suka rufe ta ƙaru, amma kaɗan. Kuma manya aka gwada, ba yara ba, don haka kar a ɗora wa sakamakon kayan da bai ɗauka ba.

Ba cewa nake yi a sakar wa yara waya har asuba ba. Amma iyaye, in kun ga ɗanku ya shiga ɗaki ya daina magana, kafin ku ƙwace wayar ku zaunar da shi ku ji abin da ke damunsa. Ku kuma ɗalibaina, in dai takardar tambayoyi kuka raba, ku rubuta "akwai alaƙa", ku tsaya a nan.